Da Wane Mudu Ake Auna Halin Mutum?

Wata ranar Talata wani dattijo ya kawo ɗansa ɗakin da nake aiki a matsayin masanin halayyar ɗan Adam a wani asibiti nan cikin Katsina. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya turo su da 'yar takarda. Yaron bai wuce ashirin da biyu ba. Ya daina zuwa shagon ɗinkin da yake koyon aiki, ba ya wanka sai an matsa masa, dare ya yi ya zauna ya zuba wa bango ido. An kai shi ruƙiyya sau uku, ya sha rubutu, an yi hayaƙi. Abin da likita yake son sani ɗaya ne: tsananin damuwa ce ta danne shi, ko kuwa farkon taɓin hankali ne irin wanda ke sa mutum jin muryoyin da babu su? Maganin wannan daban, na wancan daban.

Na buɗe durowa na fito da takardun tambayoyi da wasu katuna goma masu tabon tawada. Dattijon ya leƙo ya ga na farko, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Malam, halan duba kuke yi nan? Don in duba ne, mu ba mu yi."

Na ce, "Baba, ba duba ba ne." Ya fita ya zauna kan benci, amma da gani bai gamsu ba. Ni ma tambayar ta bi ni har gida, domin ba tambayar jahilci ba ce. Mutum ya ajiye maka zane, ka faɗi abin da ka gani, shi kuma ya fito da bayanin halinka. Me ya raba shi da mai buga ƙasa a faranti? Akwai abin da ya raba su. Amma ratar ba ta kai faɗin da mu masu aikin muke son a ɗauka ba, kuma tana ƙara tsukewa idan aka ɗauko kayan awon daga wata ƙasa aka kawo su nan ba tare da gyara ba.

Zazzaɓin sauro ana ɗibar jini a gani. Karaya ana ɗaukar hoto. Damuwa, fargaba, yawan zargi, ruɗewar tunani, babu jinin da zai nuna su. Abin da masanin halayyar ɗan Adam ke da shi a hannu shi ne hira da mara lafiya, bayanin 'yan uwansa, lura da yadda yake zama da magana, sai kuma gwaje-gwaje. Gwaje-gwajen nan an saba raba su gida biyu. Akwai wanda amsarsa tsayayya ce: a karanta jimla, ka ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Akwai wanda amsarsa sakakkiya ce: a ba ka abu marar takamaimiyar ma'ana, tabo ko hoto ko guntuwar jimla, kai ka ɗora masa ma'ana.

Na farkon a fagen yaƙi aka haife shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Amurka sun buƙaci hanyar tace waɗanda ƙarar bama-bamai za ta iya rikita wa hankali, kuma ba su da likitocin da za su zauna da kowane ɗan kurtu. Robert Woodworth ya tattara tambayoyi 116 na e ko a'a aka buga a takarda. Hirar likita ce aka mayar da ita fom. Raunin abin a fili yake: duk mai son gudun yaƙi ya san amsar da zai bayar, haka ma mai son a ɗauke shi.

Wanda ya zama uban gida a wannan fanni shi ne MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka fitar a Jami'ar Minnesota a 1943. Dabararsu ce ta sa ya yi fice. Ba su zauna suna tunanin wace tambaya ce ta dace da mai damuwa ba. Sun tara ɗaruruwan jimloli, suka ba marasa lafiyar da aka riga aka san cutarsu, suka kuma ba masu lafiya. Duk jimlar da amsarta ta raba rukunin biyu sai a riƙe ta, ko da kuwa ba a ga alaƙarta da cutar ba. Shi ya sa jimlar farko a takardar take magana kan son karanta mujallun kanikanci. Mai amsawa ba zai gane inda aka dosa ba, balle ya shirya.

Wani abin da suka yi wanda nake jinjina masa har yau shi ne ma'aunan da ke auna amsawar kanta, kafin a zo kan cuta. Akwai jimloli goma sha biyar kan ƙananan laifuffukan da kusan kowa ke yi: ɗan taɓa gulma, jin haushi wani lokaci, jinkirta aikin yau zuwa gobe. Wanda ya musanta su duka, ana ɗauka yana wanke kansa ne. Akwai wani rukunin na jimlolin da da wuya mai lafiya ya amsa su da e. Wanda ya amince da su da yawa, ko dai ciwon ya yi tsanani, ko yana ƙara gishiri, ko bai fahimci abin da ake karantawa ba. A bugun 1989, mai jimla 567, an ƙara ma'aunin da ke kama mai amsa barkatai da mai cewa e ga komai. Bugun 2008 ya rage jimlolin zuwa 338, na 2020 kuma 335. Idan an gama, sai a juya makin kowane ma'auni zuwa wani sikeli da tsakiyarsa 50 ne. Daga 65 zuwa sama ake cewa ya kamata a duba.

To, 50 ɗin nan na waye? A nan maganar take.

Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san tiyar wannan kasuwa da ta waccan ba sa zuwa ɗaya, kuma wanda ya auna da mudun wani gari ya biya da farashin garinsu, ko ya cuci kansa ko ya cuci mai kaya. Masu lafiyar da Hathaway da McKinley suka yi awon farko da su mutum 724 ne, akasarinsu 'yan uwan marasa lafiya da masu zuwa dubiya asibitin jami'ar: fararen fata, mazauna ƙauyuka da ƙananan garuruwan Minnesota, masu karatun kimanin shekara takwas. Shekara arba'in da ɗoriya su ne mudun da ake auna duniya da shi. A 1989 aka sake awo da mutum 2,600 daga sassan Amurka, aka kuma cire jimlolin da suka shafi aƙidar Kirista kai tsaye. An gyara ƙwarai, amma har yanzu mudun Amurka ne.

Ga yadda abin yake fitowa a teburina. Akwai jimlar da ke cewa miyagun iskoki suna shiga jikin mutum wani lokaci. A can, wanda ya ce gaskiya ne ya fita daga sahun jama'a, maki ya hau a ma'aunin ruɗewar tunani. A nan, mace mai cikakken hankali, mai sayar da ƙuli-ƙuli tana lissafin ribarta ba kuskure, za ta ce gaskiya ne, domin tun tana budurwa aka gaya mata tana da iska, kuma duk gidansu sun yarda. Amsarta ba ta raba ta da jama'arta ba, cikin su ta saka ta. Haka jimlolin da ke cewa ana bin sawuna, ko akwai masu shirya mini sharri. An taɓa kawo mini wata baiwar Allah da ta gudo daga wani ƙauye a yankin Batsari bayan 'yan bindiga sun shiga garinsu sau biyu. Na karanta mata jimlar, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai ba ji nake ba, gani na yi." Takarda za ta lissafa mata makin yawan zargi. Takardar ba ta san Batsari ba.

Ma'aunin wanke kai ma yana tuntuɓe da tarbiyyarmu. Dattijuwa mai carbi a hannu, saurayi sa'ar jikanta yana tambayarta ko takan yi gulma, ko takan yi ashar a zuci. Wace amsa ake jira? Kunya da kamun kai za su sa ta ce a'a, kuma wataƙila ma gaskiyarta ce. Sannan akwai ladabin da ke sa talaka ya ce wa likita "haka ne" ga duk abin da ya fito daga bakinsa, don musa wa babba rashin kunya ne. Mu da muke amsa "lafiya lau" muna kwance a gadon asibiti, ba za a ce mana maƙaryata ba. Gaisuwa ce. Amma na'urar lissafin maki ba ta bambance gaisuwa da amsa.

Ƙari a kan haka, an tsara gwajin ne mutum ya zauna shi kaɗai ya karanta da kansa, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da yawa daga masu zuwa wurinmu karatun allo suka yi, ko boko kaɗan. Sai ma'aikaci ya ɗauki takardar Turanci yana juya ta Hausa a take, yau ya ce "baƙin ciki", gobe ya ce "ɓacin rai", jibi ya ce "damuwa", alhali a kunnen Bahaushe uku ne daban-daban. Da zarar an yi haka, abin da ake alfahari da shi, wato kowa ya sami tambaya iri ɗaya a yanayi iri ɗaya, ya tafi. Fassara ta gaskiya aiki ce mai tsawo: a juya zuwa Hausa, wani daban wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, a gwada a kan mutane, sannan a nemo namu 50 ɗin.

Wani ɗan ƙasar nan ya ga wannan matsala tun da daɗewa. Peter Ebigbo, a Enugu, ya lura marasa lafiyarsa ba sa zuwa su ce suna cikin damuwa. Cewa suke zafi a tsakiyar kai, wani abu na yawo a jiki kamar tsutsa, nauyi a ƙirji. A 1982 ya fitar da ma'aunin da aka gina kan waɗannan koke-koke. Duk wanda ya zauna ɗakin ganin marasa lafiya a Katsina ya ji irinsu: "kaina ke ɗaukar zafi", "zuciyata ke tsinkewa", "jikina duk ya mutu". A ma'aunin Minnesota waɗannan sukan tafi ne wajen masu yawan tsoron ciwon jiki, alhali mutumin yana gaya maka halin zuciyarsa ne da harshen da ya iya.

Turawa suna kiran rukunin gwaje-gwaje masu tsayayyar amsa da suna mai nufin "marar son rai", kamar a ce gaskiya tsagwaronta. Sunan ya yi masa yawa. Abin da ba shi da son rai a ciki lissafin maki ne kawai: ma'aikata biyu su ƙirga, su sami adadi ɗaya. Amma amsar kanta ra'ayin mutum ne a kan kansa, da abin da ya sani, da abin da ya yarda ya faɗa. A 2006 Gregory Meyer da John Kurtz sun yi kira ga abokan aikinsu da a yi ritayar tsofaffin sunayen biyu gaba ɗaya, wato wannan da na gwaje-gwaje masu sakakkiyar amsa, a koma cewa gwajin da mutum ke ba da labarin kansa, da gwajin da ake ba shi aiki a kalli yadda zai yi. Ina ganin sun yi daidai.

Yanzu katunan da suka tsorata Baba.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya taɓa kwanciya da damina yana kallon tabon da yoyo ya bari a bango, ya ga raƙumi, ƙaninsa ya ce a'a, tsohuwa ce da tulu. Ko hadari ya haɗo daga gabas yara suna musu kan abin da gajimare ya zana. Hermann Rorschach, likitan ƙwaƙwalwa a ƙasar Suwizalan, wannan wasa ya mayar aiki. Tun yana makaranta ake masa laƙabi da tabon tawada. Ya gwada zane-zanensa a kan mutum kimanin 400, akasari marasa lafiya, ya buga littafinsa a 1921 da katuna goma: biyar baƙi da toka-toka, biyu da ɗigon ja, uku masu launuka. Shekara ɗaya bayan haka, a 1922, ya rasu yana da shekara 37, bai ga inda abin ya kai ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, Rorschach bai damu sosai da me ka gani ba. Yadda ka gani ya dama. Ana miƙa maka kati a ce, "Me wannan zai iya zama?" A rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinka. Bayan an gama goman sai a dawo a tambaye ka a ina ka gan shi, me ya sa ya yi kama da hakan. Tabon duka ka ɗauka, ko wani ɗan lungu, ko farin da ke tsakani? Siffa ce ta ja ka, ko launi, ko ka ga kamar abin yana motsi? Mafi muhimmanci, abin da ka ce ya dace da siffar wurin da ka nuna? Kati na biyar, alal misali, yawancin mutane jemage suke gani ko malam-buɗe-littafi. Wanda ya ce jemage ne, idonsa yana tafiya tare da na jama'a. Wanda ya ce hanjin mahaifinsa ne ke tashi sama don ranar Laraba ce, ba abin da ya gani kaɗai ba, yadda ya ƙulla dalilin ma ya nuna tunani ya warware.

Bayan rasuwarsa abin ya faɗa hannun mabiya Freud, likitan da ya shahara da nazarin ɓoyayyen tunani, suka mayar da shi tagar leƙa abin da zuciya ta binne. A 1939 Lawrence Frank ya raɗa wa irin waɗannan gwaje-gwaje sunan da ake kiransu da shi, mai nufin mutum yana haska cikinsa a kan abin da ke gabansa, kamar majigi a bango. Daga nan fassara ta yi yawa: wannan kati na uba ne, wancan na uwa ne, ja jini ne, jini fushi ne. A Amurka kaɗai aka sami tsarin ba da maki har biyar masu saɓa wa juna, sai da John Exner ya haɗe su a 1974.

Labarin Nuremberg, birnin Jamus da aka yi wa 'yan Nazi shari'a, ya isa misali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Douglas Kelley da Gustave Gilbert sun yi wa manyan 'yan Nazi da ke jiran shari'a wannan gwaji. Waɗanda suka karanta amsoshin suna sane da masu su sun ga mugunta a kowane layi. Shekara talatin bayan haka Molly Harrower ta cakuɗa amsoshin da na wasu mutane, ta ɓoye sunaye, ta ba ƙwararru. Ba su iya ware 'yan Nazin a matsayin rukuni guda ba. Ashe mai fassara ma yana haska nasa cikin a kan takarda.

A shekarar 2000 Scott Lilienfeld da James Wood da Howard Garb suka yi wa gwaje-gwajen nan bita mai zafi, suka nuna cewa ma'aunai da yawa ba su da hujja, kuma awon Exner yana sa masu lafiya su fito kamar marasa lafiya. A 2013 Joni Mihura da abokan aikinta suka tace binciken da aka yi kan ma'aunan ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya raba gardama daidai gwargwado: ma'aunan da ke auna ruɗewar tunani da karkacewar gani suna da ƙarfi, wasu da dama kuwa ba abin da ya tsaya musu. Wato abin da Rorschach ya fara nema tun farko shi ne ya tsira. Kayan adon da aka rataya masa daga baya ne suka zube. Ni ma iyakar abin da nake nema a katunan ke nan. Tun 2009 hotunan goman suna kan Wikipedia, duk ɗalibin jami'a mai waya zai iya ganinsu kafin ya zo, don haka nakan tambaya ko an taɓa gani.

Sauran 'yan gidan ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai TAT na Henry Murray da Christiana Morgan daga Harvard, 1935, inda ake nuna hoto a ce ka ƙirƙiro labari: me ya faru kafin nan, me ake ciki, yaya za ta ƙare. Hoton farko yaro ne Bature ya tasa wani abin kiɗa irin goge a gaba yana kallo. An zaɓe shi don ya tono maganar buri da matsin iyaye. Nuna wa ɗan Rimi ko Mashi, abin da zai fara zuwa masa shi ne me ya haɗa ɗan mutunci da goge, kuma labarin ya tafi wani wuri daban.

Gwajin zana mutum, na Karen Machover a 1949, shi na fi kaffa-kaffa da shi. An ce wanda ya zana manyan idanu mai zargi ne, wanda ya zana babban kai yana damuwa da basirarsa. A 1967 Loren Chapman da Jean Chapman suka haɗa zane-zane da bayanan cututtuka barkatai, ba wata alaƙa, suka ba ɗaliban da ba su san komai a fannin ba. Ɗaliban suka "gano" alamomin nan dai da ƙwararru ke rantsuwa da su. Alaƙar a kan mai kallo take, ba a takarda ba. A wurinmu kuma akwai ƙarin matsala biyu: mutumin da bai saba riƙe fensir ba zanensa zai fito kamar na yaro, a rubuta masa ƙarancin hankali, wani kuma zai ƙi zana mai rai saboda abin da ya ji a wajen malamai, ko ya zana ya bar fuskar ba ido ba baki. Littafin fassara zai ce yana gudun mutane. Shi kuwa gudun zunubi yake.

Akwai wani gwaji da nake ba ɗalibai labarinsa duk shekara, domin shi ne ya fi kusa da tambayar Baba. A 1948 Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, bayan mako ya ba kowa takardar sakamakonsa, ya ce su auna dacewarta daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin abin da suka bayar ya haura huɗu. Sai ya bayyana musu takarda ɗaya ce ya ba kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto jimlolin: kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba. Wannan ita ce jarin mai duba: "Akwai wanda ke tare da kai yana maka dariya, amma zuciyarsa ba ta tare da kai." Wa zai ce ƙarya ne? Rahoton masanin halayya ma yana iya zama haka, an dai buga shi da kwamfuta an sa hatimi. Mara lafiya ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka nake, wannan ba hujja ba ce. Abin da ya raba mu da mai faranti shi ne maganarmu tana iya faɗuwa: ana iya gwada ta, a ga ta yi kuskure sau nawa cikin ɗari, a jefar da ma'aunin da bai tsaya ba. Ranar da na rubuta abin da ba za a iya ƙaryatawa ba, Baba ya fi ni gaskiya.

Kuma rahoton nan ba wasa ba ne. Yakan je kotu a shari'ar kisa ko rabon 'ya'ya, yakan je wurin aiki, yakan faɗa hannun dangin miji. Kalma ɗaya a ciki tana iya hana yarinya aure a unguwarsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi maganar yardar mara lafiya da sirrinsa. A aikace wannan yana nufin in gaya wa mutum me za a yi, don me, wa zai ga sakamakon, da harshen da yake ji, kafin in buɗe durowa.

Yaron nan mun yi zama uku da shi. Tambayoyin na karanta masa da kaina daga fassarar da na rubuta na ajiye, don kada kalmomina su riƙa sauyawa, kuma na rubuta a rahoto cewa awon na waje ne, a karanta makin da taka-tsantsan. Bai wanke kansa ba, bai ƙara gishiri ba. Ma'aunin damuwa ya yi sama sosai. A katunan tawada amsoshinsa kaɗan ne, yana jinkiri, amma kowace ta zauna a kan siffarta. Kati na biyar ya ce jemage. Dalilansa a ƙulle suke, ba warwara.

A zama na uku na ɗauko mafi sauƙin kayan aikina, irin guntayen jimlolin da Julian Rotter ya tsara guda 40 a 1950, na Hausance su: ni in fara, shi ya ƙarasa. "Abin da na fi so..." Ya ce barci. "Mahaifina..." Ya ce mai haƙuri ne. "Abin da ba na son tunawa..." Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, sannan ya ce, "Buhun."

Na ce, "Wane buhu?"

Wata bakwai kafin nan an sace yayansa a hanya. Gidan suka sayar da gona da shanu biyu. Shi aka ɗora wa kuɗin a cikin buhun taki, ya hau babur ya shiga daji da dare. Suka karɓa, suka ce ya juya kada ya waiwaya, za a sako shi gobe. Bayan kwana huɗu gawa aka samu. Tun ranar yake lissafin ko kuɗin ne ba su cika ba, ko shi ne ya yi wata magana da ta ɓata musu rai. Bangon da yake kallo, nan yayan ke rataye rigarsa.

Na rubuta wa likita cewa abin da na samu ya fi karkata ga tsananin damuwa da raunin firgici bayan masifa, ban ga alamar warwarewar tunani a waɗannan zama ba, a sake dubawa bayan wata uku ko in wani sabon abu ya ɓullo. Na tambayi yaron ko ya yarda in kira mahaifinsa, da abin da ya yarda in faɗa. Ya ce in faɗi maganar buhun, shi ba zai iya ba.

Dattijon ya shigo ya zauna, ya ce, "To Malam, mi ka gani?"

Na ce, "Baba, ban ga komai ba. Shi ya faɗa mani." Na gaya masa.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kuɗin sun cika. Ni na ƙirga su da hannuna, sau biyu." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya tambaye ni ranar da za su dawo.